Kiɗa da Taku: Tarihin Yadda Turawa Ke Zaɓen Rawar Ango da Amarya

I

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta biki wadda baƙo ya kan yi mamakinta. Bayan an ɗaura aure, an ci an sha, sai a share tsakiyar zaure, jama'a su ja da baya su yi da'ira, ango ya kama hannun amarya su fito su biyu tak su yi rawa, kowa na kallo. Sai sun gama sa'an nan sauran mutane su shiga. Tun watanni kafin ranar, su biyun sun zaɓi wata waƙa da su ke so, galibi domin kalmominta ko domin wani abu da ta ke tuna musu, kana su tafi wurin malamin rawa su ce masa, "Ga waƙarmu, wace rawa ce za ta hau ta?"

Bahaushe zai ga tambayar da ban dariya, gama mu mun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, watau kiɗa ne ke faɗa wa ƙafa abin da za ta yi. Da Baturen shekara ɗari da hamsin da suka wuce zai dawo, shi ma da ya yi dariya, don a zamaninsa kowane kiɗan rawa yana zuwa da sunan rawarsa rubuce a kan takarda. Nufina a wannan takarda in bi sawun yadda kiɗa da rawa suka rabu a can har tambayar nan ta zama dole, sa'an nan in nuna yadda a ke amsa ta. Al'adar ba tamu ba ce, amma malaman da ke koyar da awon waƙa za su ga cewa matsalar 'yar'uwar tasu ce.

Kafin mu shiga, sai mu daidaita kalmomi uku. Bugu shi ne abin da mutum ke tafawa in yana bin kiɗa. Turawa su kan tattara bugu uku-uku ko huɗu-huɗu, na farkon kowane tari ya fi nauyi. Wannan tarin shi zan kira ɗauri. Ya yi kusa da abin da masu awon waƙa ke kira ƙafa, amma na guje wa wannan kalma don kada ta rikice da ƙafar mai rawa. Na uku shi ne sauri, watau yawan ɗauri ko yawan bugu a cikin minti ɗaya.

II

Asalin fitowar mutum biyu su buɗe rawa ba daga biki ya ke ba, daga fada ya ke. A fadar Faransa, zamanin Sarki Louis na 14, wanda ya rasu a 1715, in an yi taron rawa a kan fito biyu-biyu bisa ga muƙami, mafi girma shi ne na farko, saura na zaune suna kallo har layi ya zo kansu. Rawar da ta fi daraja a lokacin ita ce minuwet, mai bugu uku a ɗauri, ana yinta da natsuwa, namiji da mace ba su haɗuwa sai a hannu. Wanda a ke girmamawa a taro shi ke buɗe fili. A ranar biki kuwa ba wanda ya fi ango da amarya, saboda haka daga baya girman ya koma kansu.

Rawar da ta kawar da minuwet ita ce wals. Ta fito ne daga raye-rayen manoman kudancin Jamus da Ostiriya a ƙarshen ƙarni na 18, sunanta ma daga kalmar Jamusanci ne mai ma'anar juyawa. Abin da ya bambanta ta shi ne namiji ya riƙe mace fuska da fuska, su yi ta juyi suna kewaya zaure. Taron sarakuna da wazirai da aka yi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1814 da 1815, ya ƙara yaɗa ta, har a 1816 jaridar The Times ta Landan ta yi tir da ita sa'ad da aka yi ta a fadar Ingila, tana ganin rashin kunya ce. Tir ɗin bai hana kome ba. Joseph Lanner da Johann Strauss babba, da kuma ɗansa Johann Strauss ƙarami, wanda ya fitar da kiɗan nan na Kogin Danube a 1867, sun sa wals ta zama sarauniyar zaure har ƙarshen ƙarnin. Shi ya sa har yanzu a Jamus da Ostiriya rawar farko ta biki a kan kira ta wals ɗin amarya.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane makaɗan rawa ne. Strauss yana tsaye gaban makaɗansa da goge a hannu, idonsa na kan masu rawa. In ya rubuta wals ya sa mata suna wals, in folka ce ya ce folka. Ba wanda ke zaɓen kiɗa sa'an nan ya nemo masa rawa. Har kiɗan shiga coci da na fita an san aikinsu dabam ne. Kiɗan tafiyar biki na Mendelssohn, na 1842, da na Wagner daga wasan Lohengrin, na 1850, sun yi suna bayan an yi su a bikin 'yar Sarauniya Victoria a 1858, amma na tafiya ne, ba a rawa da su.

III

Sauyi na farko ya zo daga ƙetaren teku. A farkon ƙarni na 20 kiɗan baƙar fatar Amurka ya shiga zaurukan rawa, shi kuwa mai bugu biyu ne ko huɗu, yana kuma jinjina nauyi a wurin da kunnen Bature bai saba jinsa ba. Wals ba ta hawa irin wannan kiɗa. A 1914 aka sami rawar da a ke kira fokistirot, wadda wasu ke danganta sunanta ga wani ɗan wasa, Harry Fox. Waɗanda suka gyara ta suka kai ta gidajen manya su ne Vernon Castle da matarsa Irene, shugaban makaɗansu kuwa baƙar fata ne, James Reese Europe. Dabarar fokistirot ita ce haɗa taku iri biyu: taku mai jinkiri, wanda ke cin bugu biyu, da taku mai hanzari, wanda ke cin bugu ɗaya. Da wannan haɗi mai rawa ya kan iya cika ɗauri mai bugu huɗu ta hanyoyi da dama.

A daidai lokacin kuma tango ta taso daga unguwannin talakawan Buenos Aires a Ajantina, ta mamaye birnin Faris wajen 1912, har Sarkin Jamus Wilhelm na 2 ya hana hafsoshinsa yinta cikin kayan soja a 1913. Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko sai manyan zaurukan rawa na kuɗin shiga suka buɗe a Ingila, kamar na Hammersmith a 1919. Ma'aikata da 'yan kanti suka cika su, kowa da irin takun da ya tsinto, ana ta karo da juna.

Malaman rawa na Ingila suka ga sana'arsu za ta lalace in ba a yi tsari ba. Philip Richardson, editan mujallar Dancing Times, ya tara su a 1920, aka sake taruwa a 1921, don a yarda da takun da za a riƙa koyarwa. A 1924 ƙungiyar malaman rawa ta Imperial ta kafa reshe na musamman domin rawar zaure, cikin 'yan kwamitinsa akwai Josephine Bradley da Victor Silvester. Su ne suka rubuta ƙa'idodin wals da fokistirot da tango. Wals ɗinsu ba ta Biyana ba ce: sun rage mata sauri da kusan rabi, suka sa mata ɗagawa da saukowa a kan yatsun ƙafa. Fokistirot kuwa ta rabu biyu, domin makaɗa sun yi ta ƙara wuta, musamman bayan shigowar rawar Charleston a tsakiyar shekarun 1920. Mai jinkirin ta riƙe sunanta, mai saurin ta zama kwikisitef.

A nan ne aka fara ɗaure kowace rawa da lissafi. Na'urar auna saurin kiɗa ta daɗe, Johann Mälzel ya yi mata rajista tun 1815, Beethoven ma ya yi aiki da ita. Amma sai yanzu aka ɗora ta a kan masu rawa. Ga adadin da a ke bi a gasa, na ɗauri a minti: wals mai jinkiri 28 zuwa 30, watau bugu 84 zuwa 90, wals ta Biyana 58 zuwa 60, watau bugu 174 zuwa 180, fokistirot 28 zuwa 30, watau bugu 112 zuwa 120, kwikisitef 50 zuwa 52, watau bugu 200 zuwa 208. Mai karatu ya lura da ramin da ke tsakanin wals biyun. Kiɗa mai bugu uku wanda ke tafiya 130 a minti ba shi da mazauni sosai, ya yi wa ɗaya sauri, ya yi wa ɗaya nawa.

IV

Sauyi na biyu garmaho ne ya kawo shi. Faifan lokacin ya kan ɗauki kamar minti uku a kowace fuska, masu yinsa kuwa sun gane yawancin masu saye zama su ke yi su saurara. Saboda haka makaɗa suka riƙa ja, suna saki, suna ba mawaƙi fili ya lanƙwasa murya yadda ya ga dama. Malamin rawa da ba shi da halin ɗaukar makaɗa sai ya rasa faifan da zai koyar da shi. Victor Silvester, wanda ya ci gasar duniya a 1922, ya kuma wallafa littafinsa na koyon rawa a 1927, ya kafa ƙungiyar makaɗa tasa a 1935 domin wannan buƙata kawai. Faifansa ba ja ba saki, bugun na fita sarai daga farko har ƙarshe, yawancinsu ma ba murya a ciki. Daga 1941 gidan rediyon BBC ya ba shi fili yana koyar da taku ta iska. Aikin Silvester shaida ce cewa tun kafin Yaƙi na Biyu kiɗan saurare da kiɗan rawa sun soma raba hanya.

Faifai ya kawo wani ruɗani kuma, na suna. A 1930 makaɗan Don Azpiazú na Kyuba suka fitar da waƙar mai tallan gyaɗa, El Manisero, aka sayar da ita a Amurka da sunan rumba, alhali mutanen Kyuba wani suna su ke kiran wannan kiɗa, rumbarsu kuwa wata aba ce dabam. Amurkawa suka ƙago mata taku mai kusurwa huɗu kamar akwati, a fara a bugu na farko. Wani malami Bafaranshe mazaunin Landan, wanda aka sani da Monsieur Pierre, ya tafi Kyuba a 1947 ya tarar can a bugu na biyu a ke jefa ƙafa. Ya dawo da wannan, malaman Ingila suka yi shekaru suna gardama kafin a karɓi tsarinsa a 1955. To, ga rawa ɗaya da suna, taku biyu. Ta gasa tana tafiya ɗauri 25 zuwa 27 a minti, watau bugu 100 zuwa 108. Ta akwatin kuwa ita malamai suka fi koya wa ango da amarya, don ba ta cin wuri, ba ta kuma da wuyar riƙewa.

A Amurka abubuwa biyu suka ƙarasa manyan ƙungiyoyin makaɗan rawa. Daga 1942 zuwa 1944 ƙungiyar makaɗa ta hana 'ya'yanta yin faifai saboda rigimar kuɗi da kamfanoni, hanin kuwa bai shafi mawaƙa ba, sai sunan mawaƙi ya haye na shugaban makaɗa. A 1944 kuma gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan gidajen shaƙatawa da a ke rawa a cikinsu, masu gidaje da yawa suka rufe filin rawa. Da rawar tuwis ta Chubby Checker ta fito a 1960, samari da 'yan mata suka saki hannun juna, kowa na rawarsa shi kaɗai. Tsara guda ta tashi ba ta iya wals ba, ba ta iya fokistirot ba.

Abin mamaki shi ne, rawar farko ta biki ba ta mutu tare da sauran ba, ƙara girma ma ta yi. A littafin ladabi na Emily Post, na 1922, ango da amarya shiga su ke yi cikin rawar da baƙi sun riga sun fara. Daga baya ne ta zama abin kallo na musamman. Sai ya kasance mutum biyu da ba su taɓa riƙe juna a fili ba, su ne za su fito gaban dangi, da waƙar da aka yi ta domin kunne. Mafarin tambayar da muka fara da ita ke nan.

V

Yadda malami ke amsawa, ƙidaya ce iri biyu. Da fari ya saurari inda nauyi ke faɗuwa, ya gane ko uku-uku ne ko huɗu-huɗu. Sa'an nan ya duba agogo ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ya riɓa sau huɗu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka duk waƙa mai taushi wals ce. Wals taku uku ce a ɗauri, ƙafar da ke farawa tana sauyawa, hagu a wannan ɗauri, dama a na gaba. In aka ɗora ta a kan kiɗa mai bugu huɗu, babban takun mai rawa ba zai haɗu da babban bugun kiɗa ba sai sau ɗaya cikin bugu 12. Ko wanda bai san kome ba game da kiɗa zai ga kamar suna ɗingishi. Waƙa irin Moon River, ta 1961, ko Tennessee Waltz, wadda Patti Page ta yi suna da ita a 1950, su ne masu bugu uku na gaskiya.

Sunan waƙa ma ba ya isa, sai an san wane faifai ne. Bart Howard ya rubuta waƙar da aka sani da Fly Me to the Moon a 1954 da bugu uku. Frank Sinatra ya rera ta a 1964 tare da makaɗan Count Basie, bisa tsarin Quincy Jones, da bugu huɗu. Kalmomi ɗaya, amma faifan farko na wals ne, na biyun na fokistirot. Malamanmu sun san irin wannan, gama baiti ɗaya mai karatu biyu kan rera shi da kari biyu.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce waƙa mai bugu cikin bugu. Waƙoƙin soyayya da yawa, kamar Can't Help Falling in Love ta Elvis Presley, ta 1961, wadda aka ɗauko karinta daga wata waƙar Faransa ta 1784, da At Last a muryar Etta James, ta 1960, da Perfect ta Ed Sheeran, ta 2017, suna da manyan bugu masu nawa, kowane babba kuma ya rabu ƙanana uku. Kunne ya kan ji "ɗaya biyu uku" ya ce wals ce. Amma a yi lissafi: in manyan bugun 60 ne a minti, ƙananan 180 ke nan, saurin wals ta Biyana, wadda ke bukatar juyi ba tsayawa. Amarya mai doguwar riga tana jan ƙasa, ita ce kuma ke yawan tafiya da baya, ba kowa ce za ta jure wannan ba. In kuwa suka bi manyan bugun, 60 ya yi wa fokistirot nawa ƙwarai, har mutum ya rasa yadda zai tsaya a ƙafa ɗaya yana jiran bugu na gaba. Dole su zaɓi ɗaya, malami kuma ya duba ƙarfinsu da faɗin zaure kafin ya ba da shawara.

Wannan rami na waƙoƙi masu bugu huɗu da ke tafiya tsakanin 60 da 80 a minti shi ya haifi wata sabuwar rawa. A tsakiyar shekarun 1960 wani matashi Ba'amurke, Buddy Schwimmer, ya tsara taku domin irin waɗannan waƙoƙi, hanzari biyu da jinkiri ɗaya, ana yi gefe da gefe, aka sa mata sunan gidajen rawa na dare. Ita ce rawa ta farko cikin waɗanda muka ambata da aka ƙago domin a bi faifan da an riga an yi.

VI

Tsarin da malaman Ingila suka yi a shekarun 1920 ya yi amfani, don shi ya sa mutumin Landan da na Tokyo ke iya riƙe juna su yi rawa ba tare da sun ji harshen juna ba. Amma adadin nan na gasa ne, alƙalai aka yi wa shi. Malamin da ya ƙi waƙar da ma'aurata suka kawo don ta gaza da bugu biyar ya manta cewa kafin a rubuta lissafin ana rawa. Abin da ba ya lanƙwasuwa shi ne yawan bugu a ɗauri. Sauri kuwa yana da sassauci, balle yanzu da kwamfuta ke iya rage saurin faifai ko ƙara shi ba tare da murya ta sauya ba, a kuma datse waƙar minti huɗu ta koma biyu. In kuma makaɗa ne a zaure, sai a gaya musu tun da wuri, su da kansu za su bi ƙafar amarya kamar yadda Strauss ya yi.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, shawarata ita ce su gwada wannan a aji sa'ad da su ke koyar da awon waƙa. A sa wa ɗalibai faifai biyu na Fly Me to the Moon, ɗaya mai bugu uku ɗaya mai huɗu, a ce su tafa, su nemo inda nauyi ke sauka, su ƙirga da agogo. Ɗalibin da ya ji bambancin da tafin hannunsa ba zai sha wuya ba ranar da aka ba shi baiti aka ce ya rarraba ƙafafunsa.